Hannun da Jatau Ya Adana wa Mai Tauraro

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a unguwar Umbadda ta Omdurman kafin yaƙi ya san Hussein Jatau, in bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, domin shi ba ya fuskantar jama'a in yana kiɗa. Gefe yake juyawa, ya karkata kunne wajen lasifikarsa, ya bar mutane da rawarsu. Gajere ne, ja, abin da ya jawo masa sunan Jatau ke nan tun yana rarrafe. Yatsunsa gajeru ne masu kauri, wanda ya gan su zai rantse na mahauci ne. Amma fa in ya ɗora su a wuyan jita, to amarya ma sai ta manta da kunya.

Jitarsa ta lantarki ce, kuma ta kamfani ɗaya ce tun fil azal. Akwai sunan kamfanin a rubuce da boko a kanta, babu wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da shi. Ɗan tauraron azurfa da ke manne a can saman wuyanta shi makaɗan Omdurman suka riƙe, suna ce mata Abu Najma, Hausawan cikinsu kuma su ce mai tauraro. Jatau ya canza jita a rayuwarsa, wata ta tsufa, wata an sace a mota, amma duk wadda ta maye gurbin wata mai tauraro ce. An kawo masa na wasu kamfanoni daga Jidda, an kawo daga Alƙahira, masu sheƙi, masu tsada. Ko taɓawa ba ya yi. Sai ya haɗa hannuwansa a baya ya leƙa, ya ce, "Masha Allahu, Allah ya ba mai ita lafiya," ya yi gaba abinsa.

Abokan sana'a sun yi masa tsiya har sun gaji. Wani ya ce auren zobe aka ɗaura masa da kamfanin, wani ya ce ko 'yar mai kamfanin aka yi masa alkawari. Shi kuwa yana da bayaninsa, kuma in ya fara ba ya ƙarewa. Wuyanta siriri ne, ya dace da gajerun yatsu. Muryarta tana da kauri a ƙasa, tana da tsini a sama, tana ratsa ganguna ba tare da ta yi ihu ba. Sannan ga babbar magana, wadda ya karɓo daga bakin malaminsa Ibrahimu, wani tsohon makaɗi da ya yi tashe a wuraren rawa na Khartoum tun Jatau bai san hagu da dama ba. Ibrahimu ya ce masa hannun makaɗi wuya ɗaya yake haddacewa, ranar da ka ɗora shi a kan wani wuyan ka rikita shi, ba zai ƙara komawa daidai ba. Gaskiya ce ko shaci-faɗin tsoho ne, oho. Jatau dai ya haɗiye ta ɗungurungum.

Amma akwai abin da ba ya faɗa. Ubansa, Malam Muhammad Sani, jikan alhazai ne da suka taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Malami ne mai zaure da ɗalibai. Ranar da ya ji ɗansa yana bin makaɗa bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Husaini, ashe roƙo za ka yi." Kalmar nan ta zauna wa Jatau a ƙirji har ubansa ya koma ga Allah, ba su gyara ba. Don haka ya ɗaure kansa da ƙa'idoji, ya zama ba ya shan komai, ba ya wasa a inda ake ashar, ba ya bin mai liƙi da kirari, kuma ba ya kaɗa kowace jita sai tasa. A ganinsa maroƙi ne ke kaɗa duk abin da aka miƙa masa. Shi mai sana'a ne, yana da kayan aikinsa guda, yana da amana. In da kowace jita za ta yi, to ashe tsohon ya yi gaskiya ke nan.

Da wannan jita ya auri Shamsiyya, da ita ya gina ɗakuna biyu na ƙasa a Umbadda, da ita ya aurar da 'yarsa Malak. Shekarunsa na ƙarshe kafin yaƙi yana bayan wata mawaƙiya ce mai suna Ghada, yarinya sa'ar Malak, mai murya kamar a yi kuka. Ita ta ce duk waƙarta sai Jatau ya buɗe ta. Yana da wata shimfiɗa da yake yi kafin ta shigo, 'yar gajeruwa, yatsunsa su gangaro daga sama su tsaya cak, sai mata su ɗauki guɗa tun Ghada ba ta buɗe baki ba.

Sai yaƙi ya sauka, cikin azumi, da safe, mutane ko wanka ba su yi ba. Umbadda ta sha wuya, ba sai an faɗa ba. Wuta ta ɗauke, ruwa ya ɗauke, biki kuwa wa ke zancensa. Jatau ya daure watanni yana cewa gobe za a daina, har ranar da wani abu ya faɗo a layinsu ya kwashe gidan maƙwabcinsa da mutanen ciki. Shamsiyya ta ɗaure kayanta ta ce, "Abu Malak, ni na tafi, in za ka zauna ka zauna." Kowa ya san masu bindiga da ke tsare hanya ba sa barin abu mai sheƙi ya wuce. Sai ya sassauta tsirkiyoyin jitar, ya naɗe ta a tsohon mayafin Shamsiyya, ya ƙara da leda, ya fafe bangon ɗakinsa na ciki ya zuba toka saboda gara, ya tsayar da ita a ramin ya yaɓe. Ya shafa ƙasa busasshiya a kai don kada a ga ɗanyen yaɓe. Har sun kai bakin titi ya koma ya sake dubawa.

Gadarif suka nufa, can gabas, wurin dangin Shamsiyya, unguwar da Hausa ta fi Larabci yawa a bakin tsofaffi. An karɓe su, an ba su rumfa a tsakar gida. To amma gidan da ke da baki da yawa, baƙo ba ya daɗewa yana baƙo. Dole mutum ya fita nema.

Nan fa arziki ya zo ya same shi har rumfa. Wani mai suna Abdullah, shugaban 'yan kiɗan biki a garin, ya ji labarin cewa Jatau na Ghada yana unguwar. Ya zo da kansa, da jita a kafaɗa, baƙa wuluk mai faɗin wuya. Ya gaisa cikin ladabi ya ce, "Ustaz, mu nan har yanzu ana ɗan yin biki, ba kamar da ba, amma ana yi. Makaɗinmu ya tsallaka Habasha. Ga jita, ga wuri, ka zo ka rufa mana asiri mu rufa maka."

Jatau ya leƙa kan jitar. Babu tauraro. Hannuwansa suka koma baya da kansu.

"Na gode, ɗan'uwa. Ba ta hannuna ba ce."

"Ustaz, jita ai jita ce. Kwana biyu ka saba."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Jatau. "In na saba da taka, da wane hannun zan koma wa tawa?"

Abdullah ya yi dariya, yana tsammanin wasa ne. Da ya ga fuskar mutumin sai ya haɗiye dariyar, ya sha shayinsa ya tafi. Ya sake dawowa bayan sallah, ya sake komawa da jitarsa.

Shamsiyya ba mai faɗa ba ce, amma ran nan unguwa ta ji muryarta. "Haba Abu Malak! Haba! A gidan mutane muke, lomar da muke ci ana kallo. An kawo maka sana'arka har ƙofa ka ce wuya bai yi maka ba? Itace ne fa da waya! Wadda ka binne a bango ta san kana nan? Ta aiko maka da ko gaisuwa?" Ya ce mata ba za ta gane ba. Ta ce wallahi ba ta gane ba, kuma ba ta fatan Allah ya ganar da ita. Ya ce yaƙin nan ba zai kai baɗi ba, hannunsa yake adanawa.

Adanawa! Kai, wani tunanin sai mai shi. Washegari ya bi mazan unguwa zuwa kasuwar amfanin gona, inda ake loda buhunan riɗi da dawa a manyan motoci. Aka ba shi ƙugiyar ƙarfe ta 'yan dako, wadda ake cakawa a buhu a ja. Mutumin da ya haura hamsin, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi lasifika nauyi ba. Da hannun hagu yake riƙe ƙugiyar, hannun da ke danna tsirkiya, wai don dama ta tallafi buhu. Tun safe har rana ta karya yatsun nan suna dunƙule a kan ƙarfe. Da farko in ya dawo yakan kwanta yana gudanar da yatsu a kan cinyarsa, yana bin waƙoƙin Ghada ɗaya bayan ɗaya. Daga baya gajiya ta fi ƙarfinsa, yana kwanciya sai barci. Kantar da tsirkiya ta yi masa a kan yatsu shekara da shekaru ta saɓule, wata ta fito a tafi. Da asuba hannun yakan tashi a dunƙule, sai ya tsoma shi a ruwan ɗumi ya ɓamɓare yatsun da ɗaya hannun kafin ya iya alwala. Shamsiyya tana gani. In ta buɗe baki sai ya ce sanyi ne.

Baɗin ta zo ta wuce, wata ta kama. Sai aka fara jin mutane suna komawa Omdurman, suna turo hotunan gidajensu a waya, masu sa mutum ya ajiye abinci. Jatau ne ya fara ɗaure kaya wannan karon.

Gidansu ba ƙofa, ba taga, ba gado. Har wayoyin lantarki an zare daga bango, an tona tsakar gida ana neman zinariyar da ba su taɓa mallaka ba. Shamsiyya ta zauna a dokin ƙofa tana salati. Shi kuwa ko kallon ɓarnar bai yi ba, ɗakin ciki ya wuce. Bangon yana nan yadda ya bar shi. Ya samo guntun ƙarfe ya fara fasa, ƙasa tana zubo masa a ƙafa, har ledar ta bayyana. Da ya warware mayafin ya ga tauraron, sai ya durƙusa ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka binne ubansa. Yana cewa, "Kin ga ko? Kin ga ta jira ni?" Shamsiyya ta dube shi ta dubi ɗakin da babu ko tabarma, ta kau da kai.

Jitar ta sha zafi. Tsirkiyoyi sun yi tsatsa, wuyan ya ɗan lanƙwashe. Ya kai ta wurin Maiturare, tsohon amininsa, wanda gidansu turare suke sayarwa amma shi ya zaɓi gyaran kayan kiɗa. Shagonsa na kasuwar Omdurman ya ƙone ƙurmus, yanzu a gindin bishiyar maina yake aiki a ƙofar gidansa, da 'yan ƙarafan da ya tsira da su. Maiturare ya ɗaga jitar ya rufe ido ɗaya ya bi wuyan da kallo. Ya ce, "Za ta tashi. Wannan kamfani ba su iya ha'inci ba, ka gode Allah. Ba ni kwanaki."

Cikin kwanakin nan wayar Ghada ta shigo. Ita ma ta dawo, ta rasa ƙaninta, ta rasa kayan kiɗanta duka. Ammu take kiransa, wato baffa. Ta ce, "Ammu Jatau, an ba ni biki a Kalakla, na farko tun da aka fara wannan masifa. Masu bikin ba su da ƙarfi, mutum ɗaya kawai zan iya ɗauka bayan mai ganga. Akwai wani mai orgun da ke bina, shi kaɗai yana yin aikin mutum biyar. Amma ni kai nake so. Ka zo ran Laraba bayan la'asar mu gwada, gidan yayata nan Kalakla akwai wutar sola. In aka ji mu a wannan bikin, sauran za su biyo." Orgun shi ne akwatin nan mai maɓallai da ke kwaikwayon kowane kiɗa, makaɗa irin su Jatau sun tsane shi tun ranar da ya shigo gari. Jatau ya ce in sha Allahu, yana zuwa. Shamsiyya ta ji, ran nan har waƙa ta yi tana shara. Ba su da wata hanyar abinci sai ɗakin girkin sadaka na unguwa, inda take bin layi da kwano.

Ranar Laraba da hantsi ya je karɓa. Maiturare ya miƙe wuyan sumul, ya sa sababbin tsirkiyoyi da ya ɓoye tun kafin yaƙi, ya goge tauraron har yana ɗaukar ido. Ya kaɗa ta kaɗan da kansa, ba lantarki, sautin ya fito siriri, tsaf. Ya miƙa. "Bismillah, mai ita. Ji da kunnenka."

Jatau ya karɓa da hannun dama. Hagun yana cikin aljihun jallabiya. "Ba na kaɗa ta ba wuta," ya ce. "Ka sani."

Maiturare bai san da wannan ƙa'idar ba, domin babu ita. Ya dubi aljihun, ya dubi fuskar amininsa. Ya rako shi har bakin titi, abin da bai saba ba.

Daga Umbadda zuwa Kalakla tafiya ce, sai an haye gada an bi gefen Farin Nilu, mota tana kauce wa ramuka da ƙonannun motoci. Duk hanyar Jatau yana rungume da jitar, yana murza yatsun hagu a ɓoye. Tsoro ne fal cikinsa, ya daɗe da sanin abin da yake tsoro.

A tsakar gidan yayar Ghada an shimfiɗa tabarmi. Ga mai ganga, ga mai orgun zaune a gefe da akwatinsa a rufe, mutum mai kunya, har tashi ya yi ya gaishe shi. Mata sun leƙo daga madafa, maƙwabta sun tsaya a bakin ƙofa, an ji Jatau ya dawo. Ghada ta rame, ta yi duhu, amma da ta ga tauraron sai da ta tafa hannu. Aka jona waya. Lasifikar aro ta yi gurnani ta yi shiru. Jatau ya juya gefe kamar yadda ya saba, ya ɗora hannu a wuyan. Wuyan nan shi ne, sirinsa, santsinsa, har ɗan wurin da babban yatsansa ya cinye. Babu abin da ya canza.

Ghada ta ce, "Buɗe mana, Ammu."

Ya fara shimfiɗar. Yatsa na farko ya sauka daidai. Na biyu ya makara. Na uku ya danne tsirkiya biyu lokaci guda, lasifika ta yi wata ƙara mai ban kunya. Ƙaramin yatsan kuwa ko motsi bai yi ba, yana nan a lanƙwashe cikin tafi kamar har yanzu ƙugiya yake riƙe. Ya tsaya. Ya yarfe hannun, ya yi murmushi, ya ce tsirkiyoyin sababbi ne. Ya sake. Kansa yana jin kiɗan sarai, kowane sauti a wurinsa, yana aika wa hannun, hannun yana zuwa a makare kamar tsohon jaki. Ya sake, a hankali wannan karon, yadda ake koya wa ɗan koyo. Fatar yatsun da ta yi laushi ta tsage, jini ya ɓata tsirkiya. Zufa ta jiƙa masa jallabiya. Matan da ke bakin madafa suka janye ɗaya bayan ɗaya, wannan janyewar ta fi masa zagi ciwo.

Ghada ta matso ta rage murya. "Ammu, ko jitar ce? Zafin bango ba wasa ba ne. In aro maka wata?"

Nan ne ya kamata ya yi ƙarya, kowa ma zai taya shi. Ya kasa. "A'a, 'yata. Jitar lafiyarta ƙalau."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce ya huta, hannu zai dawo, akwai wasu bukukuwan gaba. Ita da shi duk sun san bikin jibi ne. Ta juya ta yi wa mai orgun alama da kai, kamar mai neman gafara. Mutumin ya buɗe akwatinsa, ya danna wani maɓalli, ya tambaya ko ya buɗe da shimfiɗar Ustaz, don ya haddace ta tun daga kaset. Ya kuwa buɗe da ita. Ta gangaro daga sama ta tsaya cak, ba kuskure ko ɗaya, kuma daga cikin madafa wata ta saki guɗa kafin ta tuna ta toshe bakinta.

Jatau ya zare wayarsa ya naɗe, ya goge jinin da gefen hannun riga, ya mayar da jitar cikin mayafi. An ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce hanya da nisa.

Ana kiran magariba ya iso Umbadda. Shamsiyya tana zaune a ƙofar da aka rufe da buhu, ta dafa shayi da ɗan sukarin da ta roƙo don ranar. Tun daga yadda yake takowa ta gane. Ya jingine jitar a bango ya zauna a ƙasa. Tana da maganar da za ta faɗa, ta shekara biyu tana riƙe da ita, kuma da ta faɗa da ba ta yi zalunci ba. Ba ta faɗa ba. Hannun ta kamo ta ɗora a cinyarta, ta shiga miƙe yatsun ɗaya-ɗaya, tana saki suna komawa.

Can ya ce, "Mutanen da ke kwashe ɓaraguzai a bakin kasuwa, har yanzu suna ɗaukar ma'aikata?"

Ta ce, "Suna ɗauka."

"To ki tashe ni da wuri," ya ce. "Ki ɗora mini ruwan ɗumi."